Sana'ar Saukar Baƙi Don Kuɗi: Darasi Daga Fatoman Jiya



Gabatarwa

Abin da ya jawo na zaɓi wannan batu wata tambaya ce da aka yi mini a Yammedi, cikin ƙasar Karaye, sa'ad da na je ɗaurin auren wani tsohon ɗalibina. Bayan an shafa fatiha, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin gwamnati ya ja hannuna zuwa bayan gidansa, ya nuna mini ɗakuna huɗu sababbi da ya gina da kuɗin sallamarsa. Ya ce ɗansa da ke aiki a Abuja ya ba shi shawara kada ya zuba 'yan haya na shekara, ya sa gado da katifa da fanka, ya riƙa ba matafiya haya ta kwana ɗaya ko ta mako, a kuma sa hotunan ɗakunan a intanet. Wansa kuwa, wanda shi ne babba a gidan, ya rantse muddin yana raye ba za a mai da gidan ubansu bariki ba, domin tun da ya tashi bai taɓa jin an karɓi kuɗi a hannun baƙo ba. Dattijon ya dube ni ya ce, "Malam, kai ka karanci al'adunmu, ka kuma zauna Turai. Tsakanin ɗana da yayana wa ke da gaskiya?" Na ce masa, "Baba, a ba ni lokaci in yi tunani." Wannan lacca ita ce amsar da na yi masa alkawari.

Abin da nake so in nuna a yau shi ne, saukar baƙi don neman abinci tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, tana da sunanta da ƙa'idojinta. Amma abin da magabatanmu suke sayarwa a cikinta amana ce, ɗaki kuwa biyo baya yake yi. Duk wanda zai shiga wannan sana'a a yau, ko a Yammedi ko a birnin Kano, in ya ɗauki ɗakin ya bar amanar, to ya ɗauki ɓawo ya bar ƙwaya.

Abin da harshe ya adana

Tun da yake Hausa nake koyarwa, bari in fara da kalmomi, domin harshe shi ne rumbun da al'umma take ajiye abin da ta sani. Bahaushe yana da baƙo, yana da masauki, yana da mai masauki. Yana da zaure da shago da ɗakin baƙi, watau sassan gida da ake iya sauke namiji ba tare da ya ratsa cikin iyali ba. Yana cewa baƙo raɓa ne, domin yau yana nan gobe ya wuce. Yana cewa baƙonka annabinka, yana kuma cewa shimfiɗar fuska ta fi shimfiɗar tabarma. Waɗannan duka suna goyon bayan wan dattijon nan, kuma addini ya ƙarfafa su, tun da hadisi ya tabbatar da cewa liyafar baƙo haƙƙi ce har kwana uku, abin da ya ɗara haka ya zama sadaka.

Amma harshen nan dai yana da wani rukuni na kalmomi: zango, fatoma, dillali, la'ada, haya. Zango shi ne inda ayari yake yada kaya ya kwana. Fatoma shi ne mutumin gari wanda sana'arsa ke nan sauke fatake a gidansa. La'ada ita ce kason da ake samu a kan ciniki da aka ƙulla. Al'ummar da ba ta san saukar baƙi don kuɗi ba, ba za ta ƙirƙiri waɗannan kalmomi ba. Ashe ke nan Bahaushe ya raba baƙi gida biyu. Akwai baƙon zumunci da baƙon Allah, wanda karɓar kuɗinsa abin kunya ne. Akwai kuma baƙon kasuwa, wanda ya zo neman riba, kuma ba laifi mai masaukinsa ya sami nasa rabo. Malaman fiƙihunmu na Malikiyya ma sun halatta hayar gida, bisa sharaɗin a san kuɗin, a san wa'adin, kuma amfanin da za a yi da wurin ya zama halal.

Fatoma da aikinsa

Kasuwar Kurmi ta Kano, wadda tarihi ya danganta kafa ta ga Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), ba ta bunƙasa da mutanen Kano kaɗai ba. Sunayen unguwanni irin su Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Dandalin Turawa suna shaida cewa baƙi sun zo sun sami wurin sauka. Falke da ya taso daga Borno ko Agadas ko Nufe bai san farashin gari ba, bai san wa ke biyan bashi wa ke cinyewa ba, wani lokaci ma bai iya harshen ba. Wurin fatoma yake nufa. Fatoma ya ba shi ɗaki, ya ba shi tuwon dare, ya ajiye masa kaya a wurin da ɓarawo da gara ba za su kai ba, ya nemo masa dillali, ya tsaya a kan ciniki, in rigima ta taso ya raka shi gaban alƙali.

Baturen nan Hugh Clapperton, wanda ya zo Kano a 1824, ya ba da labarin wata ƙa'ida ta kasuwar da ta ba shi mamaki. Ya ce akan rubuta sunan dillali a cikin ƙunshin tufa, ta yadda in an kai kayan har Borno aka kwance aka tarar da aibi, sai a komo da su, dillalin ya nemo mai kayan a mayar da kuɗi. Ku riƙe wannan labari, za mu komo kansa.

Da fataken goro, watau Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, suka riƙa bin hanyar Gwanja, sun tafi da wannan tsari. A Salaga masu gidaje ne suke sauke ayari, har yaƙin basasa na 1892 ya tarwatsa kasuwar, 'yan kasuwa suka bazu zuwa Kumasi da sauran garuruwa. Shi ya sa har yanzu unguwannin baƙi Musulmi a Gana zango ake ce musu. Wata Baturiya masaniyar tattalin arziki, Polly Hill, ta yi rubutu a 1966 a kan masu gidajen da ke sauke fataken shanu a Kumasi. Abner Cohen kuma ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, ya fitar da littafinsa a 1969, inda ya bayyana yadda maigida yake tafiyar da cinikin shanu da goro.

Abin lura a bayanin Cohen shi ne wannan. Falken da ya kawo shanu daga Arewa ba da kuɗi hannu yake sayarwa ba, bashi mahautan Yarabawa suke ɗauka. Shi falke bai san mahautan ba, maigidansa ne ya san su ɗaya bayan ɗaya, shi ne kuma yake lamunce bashin. In mahauci ya gudu, maigida ne zai biya. Kwana da abinci kuwa ba a yanka musu farashi, abin da maigida yake samu daga la'ada yake fitowa. Watau dai jarin maigida na gaskiya shi ne sunansa. Ran da aka ji a Kano ko Zinder cewa kuɗin wani ya maƙale a gidan wane, daga ranar ɗakunansa sun zama kango, kome yawansu.

Saboda haka aikin fatoma fuska biyu gare shi. Yana tsaya wa baƙo a gaban gari, kada a cuce shi. Yana kuma tsaya wa gari a kan baƙo, domin in baƙo ya yi ɓarna mai masaukinsa ake nema. Wannan ne ya sa al'ada ta ɗora wa mai gida ya sanar da mai unguwa duk baƙon da ya sauka, mai unguwa ya gaya wa dagaci, in abin ya kai a ji, dagaci ya kai wa hakimi.

Yadda bariki ya ɓata sunan sana'a

To, ina wan dattijon nan ya samo ƙyamarsa? Kalmar da ya yi amfani da ita ce ta tona asirin. Bariki kalma ce ta aro daga Turanci, asalinta mazaunin soja. Da Turawa suka ci ƙasar nan a 1903, sai suka giggina gidajen saukar jami'ansu masu rangadi a manyan garuruwa, galibi a bayan gari, aka kira su bariki, aka sa musu mai tsaro da ake ce wa sarkin bariki. Talakawa ne suke kawo itace da ruwa da ƙwai, sau da yawa ba da son ransu ba. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ayari ya fara ja da baya, matafiyi ya zama mutum guda da akwatinsa, aka sami gidajen kwana a kusa da tasha waɗanda ba ruwan mai su da ko wane ne ya shigo, in dai ya biya.

Nan ne aka raba ɗaki da amana. Baƙon bariki ba wanda ya tsaya masa, ba kuma wanda zai amsa laifinsa. Ba da daɗewa ba kalmar ta sauya ma'ana, har aka sami ɗan bariki da zaman bariki, kowa kuwa a zauren nan ya san abin da ake nufi da su. Saboda haka in dattijo ya ce ba za a mai da gidan ubansa bariki ba, ba kuɗin ne ya dame shi ba. Tsoronsa shi ne a wayi gari mutanen da ba a san asalinsu ba suna shiga suna fita a ƙofar da iyalinsa suke bi. Wannan tsoro kuwa yana da tushe, bai kamata a yi masa dariya ba.

Sabon salo daga Amurka

Yanzu bari mu duba shawarar ɗan. A 2007 wasu samari biyu a birnin San Faransisko na Amurka, Brian Chesky da Joe Gebbia, kuɗin haya ya gagare su. Ana wani babban taro a garin, otal-otal sun cika, sai suka shimfiɗa katifun hurawa a ɗakinsu suka sauki mutum uku don kuɗi. Daga nan suka haɗu da Nathan Blecharczyk suka kafa kamfanin Airbnb a 2008. Kamfanin ba ɗakunansa yake bayarwa ba. Mai gida ya sa hotunan ɗakinsa da farashi, matafiyi ya zaɓa ya biya ta hannun kamfanin, kamfanin ya riƙe kuɗin sai baƙo ya sauka, sa'an nan ya yanki kasonsa ya miƙa saura. Bayan an rabu, baƙo ya rubuta yadda ya sami gidan, mai gida ya rubuta yadda ya sami baƙon, duk mai zuwa daga baya ya karanta.

Wanda ya saurari abin da na faɗa a kan Kurmi da Sabo zai gane cewa ba wani sabon abu a nan sai na'ura. Riƙe kuɗi har a cika alkawari lamuni ne. Kason kamfani la'ada ce. Shaidar da ake rubutawa kuwa ita ce sunan dillalin nan da Clapperton ya gani a cikin ƙunshin tufa. Kamfanin ya ɗauki rabin aikin fatoma, watau tsaya wa baƙo kada a cuce shi, ya mai da shi sana'ar duniya. Sauran rabin, watau tsaya wa gari, ya bar shi ba mai shi.

Abin da ya biyo baya ya isa ishara. Da masu kuɗi suka ga hayar kwanaki ta fi ta shekara kawo riba a biranen da 'yan yawon buɗe ido suke zuwa, sai suka riƙa sayen gidaje suna fitar da 'yan haya, su ajiye makulli a akwati a bakin ƙofa, baƙo ya zo ya tafi bai ga mai gida ba. Kuɗin haya ya hau, maƙwabta suka rasa barci. Sa'ad da nake karatu a Ingila na zauna a wani bene inda ɗakin da ke samana irin wannan ne. Kowane ƙarshen mako sababbin fuskoki, kiɗa har asuba, kuma cikin shekara biyu ban taɓa sanin wanda zan kai wa kuka ba.

Hukumomi sun farga. Tun 2015 doka a Landan ta ƙayyade dare 90 a shekara ga mai ba da gidansa sukutum haya ta ɗan lokaci, sai fa in ya nemi izini na musamman. A Satumba 2023 birnin Niyok ya fara aiki da dokar da ta tilasta wa masu wannan sana'a yin rajista, ta kuma ce in hayar ba ta kai kwana 30 ba, lalle mai gida ya kasance yana cikin gidan tare da baƙinsa, baƙin kuma kada su wuce biyu. A Yuni 2024 magajin garin Basalona ta Sifen ya ba da sanarwar cewa izinin gidaje wajen 10,000 na 'yan yawon buɗe ido zai ƙare a 2028 ba sabuntawa. Ku dubi dokar Niyok da kyau. Bayan duk wannan ci gaba, abin da suka koma gare shi shi ne ƙa'idar fatoma: mai masauki ya zauna tare da baƙonsa ya amsa abin da ya aikata.

A nan gida ma sana'ar ta kafu a Ikko da Abuja, musamman a watan Disamba da mazauna ƙasashen waje suke komowa hutu, ta kuma shigo unguwannin masu hali na Kano. Da yawa ba su ma bi ta kan Airbnb, ta WhatsApp da Instagram da bakin dillalai ake ƙulla cinikin.

Wane baƙo ne zai zo Yammedi?

Tambayar farko da ya kamata dattijonmu ya yi wa ɗansa ita ce, su wa za su kwana a ɗakunan? Baturen yawon shaƙatawa ba zai zo ba, kuma wanda ya gina ɗaki yana jiransa zai daɗe yana jira. Amma ƙasar Karaye da Rogo ba ta rasa baƙi. Akwai madatsar ruwa ta Challawa da aka gama a 1992, wadda take jawo masunta da masu sarin kifi da manoman rani. Akwai sansanin horar da masu yi wa ƙasa hidima na Jihar Kano a Kusalla, inda ake tara matasa daga ko'ina cikin Nijeriya na mako uku, tare da jami'ai da 'yan kasuwar da suke biyo su. Akwai masu sayen masara da dawa da kaka, da masu sarin rake a ƙasar Rogo. Akwai fadar Karaye da hawan salla. Akwai ma'aikatan lafiya da na zaɓe da 'yan kwangila da malamai masu duba jarrabawa. Sa'an nan ga biki da suna da ta'aziyya, inda 'yan gari mazauna birni suke zuwa da abokai fiye da abin da ɗakin baƙi zai ɗauka.

Duk waɗannan baƙin aiki ne da na kasuwa, irin na fatoma. Kuma zuwansu na lokaci-lokaci ne. Wannan ya kawo mu ga lissafi, wanda shi ne inda ma'aikata da yawa suke faɗuwa da kuɗin sallamarsu. Alƙaluman da zan kawo misali ne kawai na ƙaddara, kowa ya sa nasa a gurbinsu.

Mu ƙaddara ɗaki huɗu, kowanne N10,000 a dare. Mai zumuɗi zai ce dare 365 sau huɗu, watau 1,460, ya ga N14,600,000 a shekara, ya fara zaɓen mota. Amma mu ce kowane ɗaki dare 60 kaɗai ya samu a shekara. Jimla dare 240, kuɗi N2,400,000. Yanzu a fitar da ɗawainiya: albashin yaron da ke kula da wurin N40,000 a wata, wuta da ruwa N50,000, wanki da sabulu da gyare-gyare N30,000. A shekara N1,440,000 ke nan, kuma mafi yawanta sai an biya ko da baƙo ko babu. Abin da ya rage N960,000, tun ba a cire haraji da la'adar dillali ba. In da ya ba 'yan haya na shekara a kan N100,000 kowane ɗaki, da ya sami N400,000 yana kwance. Saboda haka a wannan misali, in kowane ɗaki bai sami dare 36 ba, hasara ake yi, in kuma bai kai 46 ba, gara hayar shekara. Abin da ke raba riba da hasara shi ne yawan dararen da aka kwana, ba tsadar ɗaki ba. Yawan darare kuwa daga baƙon da ya komo yake samuwa, da wanda ya turo ɗan'uwansa.

A kuma tuna sana'ar tana da shekarar fari. A 2020, da annobar korona ta tsai da tafiye-tafiye, kamfanin Airbnb kansa ya sallami ma'aikata wajen 1,900, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatansa, masu gidajen da suka ci bashi suka gina kuwa suka shiga uku. Kada mutum ya zuba dukan abin da ya tara a nan, kada kuma ya ci bashin da ɗakunan ne kaɗai za su biya.

Haƙƙoƙi uku

In lissafi ya fita, saura amana, ita kuwa kashi uku ce.

Na farko haƙƙin baƙo. A gaya masa gaskiyar abin da zai tarar. In wuta ta hasken rana ce mai ɗaukar fanka da cajin waya kaɗai, a faɗa. In ruwa na rijiya ne a bokiti, a faɗa. Hoton da ya fi ɗaki kyau algus ne, daidai da zuba tsakuwa a buhun dawa. A yanke farashi da wa'adi tun kafin ya ajiye jaka, a rubuta, kowa ya riƙe. Zanen gado wankakke, gidan sauro, makewayi mai tsabta, ƙofa mai kuba, buta da tabarmar salla, waɗannan su ne tuwon dare na fatoman yau. Daɗin daɗawa, baƙo ko da idonsa bai san gari ba. Mai masaukin da ya haɗa mai sarin masara da dillali na kirki, ya nuna wa jami'i hanyar da ta fi aminci, ya san lambar mai babur da ba ya ƙwarar baƙi, ya ba da abin da babu otal ɗin da zai bayar. Sirrin baƙo kuma amana ne: nawa ya shigo da su, yaushe zai tashi, ba zancen majalisa ba ne.

Na biyu haƙƙin maƙwabci da iyali. Ɗakunan su sami ƙofarsu dabam da ta cikin gida, kamar yadda magabata suka ware zaure da shago. A shawarci maƙwabta tun kafin a fara. A kafa ƙa'ida a kan dare da hayaniya da masu ziyara, a gaya wa baƙo tun da fari cewa nan Jihar Kano ce, inda ake aiki da shari'ar Musulunci tun 2000, kuma akwai Hisba. Wanda ƙa'idar ba ta yi masa ba, a rabu lafiya tun a waya. Kada kuma a fitar da malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti da ke haya shekara da shekaru don kwaɗayin baƙon mako guda, domin wannan ita ce cutar da ta kama Basalona, kuma ƙaramin gari ya fi saurin jin zafinta.

Na uku haƙƙin gari. Ƙasar Rogo ta yi iyaka da Jihohin Katsina da Kaduna, kuma ba wanda bai san abin da 'yan bindiga da masu satar mutane suka yi wa ƙauyukan jihohin nan ba. Irin waɗannan mutane sukan tura mai leƙen asiri kafin su zo, shi kuwa wurin kwana yake nema. Saboda haka littafin baƙi wajibi ne: suna, katin shaida, lambar waya, daga ina, wurin wa aka zo, me ya kawo shi. A sanar da mai unguwa yadda aka saba tun kaka da kakanni. A je hukuma a yi rajistar da doka ta nema, a biya abin da ya wajaba. Mai gida kuma ya kasance yana nan, ko wakilinsa wanda gari ya sani ya kuma yarda da shi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya karɓi kuɗin baƙo ya karɓi alhakinsa.

A nan ina da kira ga ma'aikatan da ke zauren nan, musamman na ƙananan hukumomi. Kada ku jira sai ɓarna ta auku ku zo da kwado ku rufe gidaje. Rajista mai sauƙi da araha, da littafin baƙi iri ɗaya, da haɗa kai da masu unguwanni, sun fi samame amfani. Ku kuma ɗalibai, ga fagen bincike a buɗe. Har yanzu akwai dattawa a kasuwannin hatsi da na dabbobi da suke sauke fatake a gidajensu. Ku je ku ɗauki bayaninsu da kalmominsu tun suna raye.

Kammalawa

To, tsakanin ɗa da wa, wa ke da gaskiya? Ɗan ya yi daidai da ya ce karɓar kuɗi a kan masauki ba abin kunya ba ne, domin kakanninmu sun yi, har sun kai sana'ar Gwanja da Ibadan. Wan kuma ya yi daidai da ya ƙi bariki, watau ɗakin da ba a tambayar mai shigarsa. Abin da zan gaya wa dattijon nan in na koma Yammedi shi ne, ya fara ƙidaya baƙin da suke zuwa garin a shekara kafin ya sayi katifa. In lissafi ya fita, ya ba da uku haya, ya huda musu ƙofa ta waje, ya ajiye littafi, ya zauna kusa. Na huɗun kuwa ya bar shi ga baƙon da dare ya yi wa a hanya ba ko sisi a aljihunsa, ya kuma danƙa makullinsa a hannun wansa.